Baffana da Ya Taka Kabari a Landan

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma a daminar nan Baffa ya riga mu. Yayan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne na ga yadda aka yi zaman makokinsa, na kuma tabbata in aka bar wa mutanen garinmu labarinsa, nan da 'yan shekaru ba abin da zai rage sai "wani masifaffen tsoho da aka taɓa yi".

An shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida, jama'a na zuwa suna cewa Allah ya jiƙansa, halinsa na gari ya bi shi. Da an zo kan "halinsa na gari" sai ka ji murya ta yi ƙasa. Ni kuwa ina zaune ina bin fuskoki da kallo. Ga mai unguwa, wanda Baffa ya taɓa shaƙe wa wuya da rawaninsa a bainar jama'a. Ga mahaucin garinmu da giɓinsa, gorar Baffa ce ta ɗauke masa haƙoran gaba. Ga mahaifina kusa da liman, hannunsa na dama a karkace bisa cinya, shi ma aikin Baffa ne. Can ƙarshen tabarma kuma ɗan maƙwabcinmu ne ya sunkuyar da kai, ko gumbar sadaka ya kasa taɓawa. Shi ya yi wa Baffa bugun da ya zama ajalinsa, kuma babu wanda bai sani ba a wurin.

A cikin gida Gwaggo, ƙanwarsu, ta ƙi yin kuka. Matan da suka ce mata a yi haƙuri, tsoho ya huta, sai ta dube su ta ce, "Ku dai kuka huta. Shi wa ya gaya muku hutu yake nema?"

Ba wanke shi zan yi ba. Baffa mafaɗaci ne, hannunsa ya riga bakinsa. Amma ban taɓa jin ya daki mutum a kan mace, ko akuyar da ta shiga gona, ko zagi ba. Faɗansa guda ɗaya ne tun ina yaro har ya koma ga Allah, wato tsohuwar maƙabartar da ke gabas da gari.

Wanda bai san ƙasarmu ta wajen Bagwai ba, ba zai gane ba. Mu nan gona manne take da gona, iyaka layin gamba ne kawai, kuma rabon gado ya yi ta yanka gonaki har mutum ya iya tsayawa a wannan gefe ya miƙa wa maƙwabcinsa goro a wancan. Babu daji, babu saura. A tsakiyar wannan matsi ga tsohuwar maƙabarta shimfiɗe, an daina binnewa a cikinta tun da aka ce ta cika aka buɗe sabuwa a yamma. Kaburbura sun baje, sai aduwa da sabara da ɓaraguzan tukwanen da aka rufe mamata da su. Ƙasa baƙa wuluk, ba ta taɓa ganin garma ba. Kowa idonsa na kanta. Duk damina mai gona a gefenta sai ya saci kunya ɗaya ya ƙara, duk safiyar da aka yi ruwa kuma sai Baffa ya ɗauki gorarsa ya zagaye ta. Maganarsa ba ta wuce biyu: "Duba ƙafarka." In ka duba ka ja baya, ka tsira. In ka tsaya gardama, to, tambayi mahauci.

Asalin abin kuwa daga Landan ya samo shi.

An ɗauke shi soja a yaƙin Turawa yana saurayi. Yaƙin kansa ba ya maganarsa, in ka tambaye shi sai ya tofar da yawu ya tashi. Amma da aka gama, yana cikin waɗanda aka zaɓa aka kai Landan su yi fareti a gaban Sarkin Ingila, kuma bayan fareti aka zuba su a mota aka zaga da su kallon gari. Wannan labarin kam mun sha shi har mun haddace. Akwai ƙaton agogon da ya ce in ya buga sai ka ji shi a haƙarƙarinka. Akwai gadar da take rabewa biyu jirgin ruwa ya wuce. Akwai unguwannin da bam ya rushe, ka ga matakala ta hau sama babu ɗakin da za ta kai ka. Wanda ya fi burge shi wani tsohon gidan sarauta ne na dutse a bakin kogi, inda aka nuna musu kututturen da ake ɗora wuyan mutum da gatarin da ake sarewa, ga waɗansu hankaki suna yawo a tsakar gida ana ba su nama.

"Har ƙirjinsu baƙi ne, ba irin namu ba," in ji shi. "A nan na gane mutanen nan. Su ma da jini suka kafa tasu sarautar, sai dai su suna ajiye gatarin su nuna wa baƙo."

Daga nan aka kai su babban cocin da suke naɗa sarakunansu. Baffa ya ce shi Musulmi ne, zai jira a waje. Saje ya ce oda ce. Ya sunkuya zai kwance takalmi, don dai ɗakin ibadar wasu ne, aka ce masa a nan ba a cirewa. Ya shiga da takalman sojansa. Ya ce sanyi kamar cikin randa, rufin ya yi nisan da sai hularka ta faɗi kafin ka gan shi, tagogi da gilashi mai launi, ga mutane na dutse a kwance sun haɗa tafukan hannu, wani har da kare a ƙafarsa. Wani tsoho mai baƙar riga yana gaba yana bayani, wani kofur Bazazzagi mai jin Turanci yana yi musu tafinta. Kowa ya ɗaga kai yana kallon sama. Baffa manomi ne, shi ƙasa ya duba. Sai ya ga rubutu a jikin dutsen da yake tsaye a kai, har ya fara gogewa saboda taku.

Ya ce, "Kofur, mene ne wannan?"

Kofur ya ce, "Sunan mutum ne."

"Ina mutumin?"

"Yana ƙarƙashinka."

In Baffa ya zo nan a labarin, sai ya ɗage ƙafafunsa daga ƙasa ba tare da ya sani ba. Ya ce ya yi tsalle baya, ya dira kan wani. Ya matsa gefe, wani ne. Duk inda ya ajiye ƙafa sunan mutum ne, gaba ɗaya daɓen kaburbura ne, ga mata da yara suna ta ƙwas-ƙwas a kai suna nuna rufi da yatsa. Wani sojan cikinsu ya ga yadda yake ɗaga ƙafa kamar kaza a kan garwashi, ya fashe da dariya, ya fara buga takalmi a kan rubutun yana fareti a tsaye. Baffa ya kai masa naushi a baki. Ya ce jinin ya zuba a kan dutsen ya bi cikin haruffan. Ya hau shi yana duka, sai da ƙarti suka taru suka ɓanɓare shi, suka murɗe masa hannu ta baya suka yi waje da shi.

A bakin ƙofa, ana jansa, ya ga wani kabari guda an kewaye shi da jajayen furanni, kowa na ratsewa. Su kansu masu jansa sai da suka kauce. Daga baya kofur ya kawo masa abinci a gadurum, ɗakin da ake kulle soja, Baffa ya tambaye shi wane sarki ne a kabarin nan. Kofur ya ce ba sarki ba ne, soja ne da ba a san sunansa ba, shi kaɗai ne ba a takawa.

Sauran kallon Landan a kulle ya yi shi. Da ya dawo gida ya tarar mahaifiyarsu, Inna, ta rasu a wannan daminar, an binne ta a gefen maƙabartar da ke jikin gonar gidanmu. Mahaifina ne ya sa ta a kabari, shi ya kai shi ya nuna masa. Gwaggo ta ce tun daga ranar Baffa bai ƙara tafiya kansa a ɗage ba.

Shekarar babban fari ina saurayi, na isa riƙe garma. Wanda bai gani ba, Allah kada ya nuna masa. Mun ci dusa, mun ci tafasa ba gishiri, mata sun tona gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi. Ƙanwata ta mutu a bayan mahaifiyarmu ba a sani ba sai da aka kwance goyo. Da ruwa ya sauka a damina ta gaba, mahaifina ya ce in ɗauko garma. Muka tsallake layin gamba muka shiga gefen maƙabarta muka fara huɗa. Har yau ban ce ya yi laifi ba. Mutumin da ya binne 'yarsa saboda yunwa, ba ni zan yi masa wa'azi ba.

Mun yi nisa sai ga Baffa.

"Duba ƙafarka."

Mahaifina bai ɗago ba. Ya ce, "Yaya, na duba. Na kuma duba rumbuna."

"Inna tana nan wajen."

"Tana can ciki. Ni na binne ta, kana can kana yawon kallon gumaka."

Ban ga lokacin da gorar ta tashi ba, ƙarar ƙashin kawai na ji, kamar an karya busasshen kara. Mahaifina ya durƙusa, hannun yana reto daga gwiwa. Wallahi bai yi ihu ba. Ya ɗauki fartanya da hagu ya sari Baffa a ƙwauri, naman ya buɗe har ana ganin fari. Na yi kan Baffa na rungume shi ta baya, ya sunkuya ya yi jifa da ni, bakina ya cika da ƙasa. Da na tashi na gan su suna birgima cikin kunya, wa da ƙani, jini da taɓo sun haɗu ba ka gane na wane ne. Gwaggo ce ta zo da gudu ba mayafi, ta kwanta a tsakaninsu ta ce sai dai su fara kashe ta.

Dagaci ya yanke cewa abin da aka riga aka huɗa ya zauna, kada a ƙara. Saboda haka wannan yankin ya zama namu, muka ci gaba da noma shi. Wuri guda ne kawai a tsakiyarsa, bai fi faɗin tabarma ba, mahaifina yake hana mu shukawa. Ya ce gara ce a wurin, ɓarnar iri ne.

Mai ɗori ya yi iya yinsa, hannu ya warke a karkace. Aka ja danga ta raba gidanmu biyu. Daga ranar ba su ƙara yi wa juna magana ba. Ko suna fuskantar juna, sai dai ka ji Baffa ya ce, "Gwaggon yara, gaya masa akuyarsa ta kwance." Mahaifina ya ce, "Gaya masa na gani."

Amma a wannan daminar da mahaifina ke kwance da hannu a ɗaure, wa ya nome mana gona? Baffa ne, yana ɗingishi da tsumma a ƙwauri. Ya yi noman fari, ya yi maimai, bai ce wa kowa uffan ba. Yankin maƙabarta ne kaɗai bai taka ba, ni ya bar wa. Da kaka ta yi ya ɗauko dammunan geronsa a ka da rana tsaka, ya dinga jibgewa a gindin rumbunmu yana zage-zage, wai gidan ragwaye. Mahaifiyata ta buɗe baki za ta yi godiya, ya ce in ta sake ta gode masa zai kwashe abinsa.

A shekarun nan mutanen arewa sun yi ta gangarowa, dabbobinsu sun ƙare, wasu su faɗi a bakin hanya ba wanda ya san daga inda suka fito. In an ga gawa kowa sai ya kama gabansa, ana tsoron annoba. Baffa ne zai je ya saɓo ta a kafaɗa, ya wanke, ya yage rigarsa in babu likkafani, ya tsaya a ƙofar liman har sai ya fito an yi salla. Ya taɓa ce mini, muna mayar da ƙasa a kan wani tsohon makiyayi, "Wanda ba a san sunansa ba, ai shi ne ba a takawa. Ko kafiran can sun san wannan." Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa ba wanda ya rayu, ni nake bin sa da shebur.

Bara fari ya dawo, ruwan dam kuma ya riga ya cinye fadamar da mutane da yawa suka dogara da ita. Aka zauna a ƙofar masallaci aka ce a raba tsohuwar maƙabarta kowa ya samu 'yan kunyoyi. Liman ya ce mai yiwuwa ƙasusuwan sun zama ƙasa. A nan ne Baffa ya shaƙe mai unguwa. Bai hana komai ba. Safiyar ruwan shuka na bana aka fito da garmar shanu, ɗan maƙwabcinmu ne yake riƙe da ita, mutum mai 'ya'ya ƙanana da ba su da abin kai wa baki.

Baffa ya tsufa, gorar ma dogarawa yake da ita. Amma ya zo. Kafin ya iso garma ta riga ta tona, ta juyo da muƙamuƙin mutum da haƙoransa a jere. Ya tsaya a gaban shanun, ya narka wa na dama gora a hanci, sa ya yi baya ya karya karkiya. Yaron ya ce, "Baba, don Allah ka matsa." Baffa ya ba shi amsa a goshi. Fata ta tsage, jini ya rufe masa ido. Yana lalube hannunsa ya faɗa kan guntun karkiyar, ya ɗaga ya kai duka bai ga inda zai sauka ba. Ya sami Baffa a haƙarƙari, ya ƙara masa a gefen kai. Tsoho ya faɗi cikin huɗar, jini na fita ta kunnensa. Da muka ɗaga shi, muƙamuƙin nan yana cikin hannunsa, da ƙyar muka ɓanɓare yatsun.

Tsoro ya sa aka janye shanu, amma kowa ya san na ɗan lokaci ne. Baffa ya fi kowa sani. Ya kwanta har gero ya fid da kai, kullum yana tofar da jini. Na ce a kai ƙara, ya ce in na kai zai tsine mini. "Yaron bai iya duka ba," in ji shi. "Da ni ne da ƙarfinsa, da tuni kun yi sadakar bakwai."

Ana gobe zai rasu, da la'asar ya kira ni da Gwaggo. Mahaifina yana zaune a bakin ƙofa ta waje, inda ya saba zama tun da aka kwantar da shi, bai taɓa shiga ba.

Baffa ya ce, "Jira suke in mutu su koma da shanu. To, kada ku kai ni yamma. Ku sa ni a tsohuwar, a bakin iyaka. Ba a noma kusa da ɗanyen kabari, balle nawa. Ko a mace tsorona suke ji." Sannan ya ce, "Gwaggon yara, gaya masa."

Gwaggo ta ce, "Ya ji."

Da safe rai ya yi halinsa. Masu haƙa suka ɗauki diga da shebur suka nufi yamma, na tare su na faɗi wasiyya. Nan take gari ya ɗauka. Mai unguwa ya ce ba a yi haka ba, an rufe wurin tun tuni. Wani ya ce tsohon nan ya hana mu yana raye, zai kuma hana mu a mace. Samari suka fara ɗaukar sanduna, ni ma na ɗauki shebur ba don haƙa ba. Gawa na kwance a ɗaki ba a ko gama wanka ba, mu muna shirin fasa kawuna a ƙofar gida.

Sai mahaifina ya fito da adda a hannun hagu. Aka dare masa, don an zaci sara zai yi. Bai kalli kowa ba, ya nufi gabas, muka bi shi. Da muka kai inda kunyoyinmu suka tsaya maƙabarta ta fara, na ce, "Baba, nan ya ce, bakin iyaka."

Ya ce, "Ba nan ce iyaka ba."

Ya juya ya shiga geronmu ya fara sara. Geron da ya fid da kai, wanda yara ke ƙirga kwanakin tumunsa, a shekarar da rumbunmu babu ko zangarniya. Yana sara da hagu, karkataccen hannun yana ture kara. Ya sare tun daga bakin maƙabarta har wurin nan mai faɗin tabarma da ya ce mana gara ce. Ya tsaya yana haki.

"Nan Inna take. Ku haƙa a gefenta, ku bi a hankali."

Ɗan maƙwabcinmu ne ya fara karɓar diga, da tabonsa a goshi. Yana haƙa yana kuka, ba wanda ya hana shi. Mahaifina ya koma ya ci gaba da sara har sai da ya kai tsohon layin gamba, yankin nan duka ya kwanta.

Da aka kawo Baffa aka sa shi, aka jera tukwane aka toshe da laka, jama'a suka matso kowa yana son ya zuba ƙasa, ana turereniya. Mahaifina yana durƙushe a bakin kabarin, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ku duba ƙafarku."

Kowa ya duba. Har mai unguwa sai da ya ja da baya.

Allah ya yi wa Baffa sauƙin da shi bai yi wa kowa ba, ya haskaka makwancinsa da na Inna da na waɗanda ba mu san sunansu ba. Shanun dai ba su koma ba.